Yadda zaka karanta sakamakon zaɓen sanatocin Filifins na tsakiyar zango, mu ɗauki na 2019

Duk wanda ya taɓa buɗe teburin sakamakon zaɓen sanatoci na ƙasar Filifins ya san abun na da ruɗarwa, sunaye ne a jere har sittin da ɗoriya, kowa da miliyoyin ƙuri'unsa, babu mazaɓa babu jiha a gaban sunan kowa, sannan in ka ɗauko kalkuleta ka haɗa kason da aka rubuta a gefe sai kaga ya haura 700 cikin 100, har ka fara zargin ko mai buga teburin ne barci ya ɗebe shi. Lafiyarsa ƙalau, tsarin nasu ne haka. Zan bi da kai ta kan zaɓen ranar 13 ga Mayun 2019, wanda aka yi daidai tsakiyar mulkin Rodrigo Duterte, domin a ganina shi yafi kowanne daɗin koyo, in ka iya karanta shi toh sauran ma ba za su baka wahala ba.

Kafin komai ka cire tsarin da ka saba da shi daga ranka, irin na Najeriya da kowace jiha ke da sanata uku kowa da yankinsa. Su can sanatoci 24 ne kacal a ƙasar baki ɗaya, kuma ƙasar gaba ɗayanta mazaɓa ɗaya ce, mutumin Manila da mutumin Cebu da na can ƙuryar Mindanao duk sunaye iri ɗaya suke gani a takardar ƙuri'a. Wa'adin sanata shekara 6 ne, amma ba a zaɓensu a tare, duk bayan shekara 3 ake zaɓen rabi wato mutum 12, a Litinin ta biyu ta watan Mayu. Shugaban ƙasa shima shekara 6 yake yi kuma sau ɗaya tak, babu tazarce, kaga kenan zaɓen sanatoci ɗaya yana faɗowa tare da na shugaban ƙasa, na gaba kuma ya faɗo a tsakiyar mulkinsa. Wannan na biyun shi ne na tsakiyar zango, an yi shi a 1995, 2001, 2007, 2013, 2019 da 2025. In kaga teburin 2016 ko 2022 toh ba shi bane, ka wuce.

Sai maganar kason nan da ya haura ɗari. Kowane mai zaɓe yana da damar zaɓar mutum har 12, ba ɗaya ba, yana cike ɗan zagayen dake gefen sunan wanda yake so da alƙalami sannan ya zura takardar cikin na'ura ta karanta. Zai iya zaɓar uku ko biyar ya tsaya, ba laifi, amma in ya yi haɗama ya cike 13 toh ƙuri'arsa ta ɓangaren sanatoci ta lalace gaba ɗaya. Saboda haka kason da kake gani a gaban sunan ɗan takara ba rabonsa bane daga jimillar ƙuri'u, ma'anarsa ita ce cikin duk mutum ɗari da suka fito zaɓe mutum nawa ne suka saka sunansa a cikin jerinsu. A 2019 mutum miliyan 47 da 'yan kai ne suka fito, wajen kashi 75 cikin 100 na masu rajista, Cynthia Villar da ta zo ta ɗaya ta samu miliyan 25.3, shi yasa zakaga an rubuta mata kashi 53. Wato fiye da rabin waɗanda suka fito sun saka ta, amma ba wai ita kaɗai suka saka ba.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so ka dinga yi a nan wanda yawancin masu sharhi basa damuwa da shi. Ka haɗa ƙuri'un duka 'yan takarar, su 62 ne a wannan shekarar, ka raba da yawan waɗanda suka fito. A 2019 abun da zai baka bai kai takwas ba, yana tsakanin bakwai da takwas. Kaga kenan talaka baya cike gurbi 12 ɗin nan, sunayen da ya sani yake cikewa ya miƙe abunsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka dalilin da yasa suna yafi manufa tsada a wannan zaɓen. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ka ja layi a ƙarƙashin na 12. Su kansu 'yan ƙasar Magic 12 suke ce wa waɗanda suka faɗo saman layin. Babu zagaye na biyu, babu sharaɗin sai ka samu kaso kaza a lardi kaza, in dai kana cikin sha biyun farko shikenan ka zama sanata, kuma na ɗaya da na 12 kujera iri ɗaya wa'adi iri ɗaya. Ga yadda suka jeru a 2019, Cynthia Villar da miliyan 25.3, Grace Poe 22.0, Bong Go 20.7, Pia Cayetano 19.8, Ronald dela Rosa da ake wa laƙabi da Bato 19.0, Sonny Angara 18.2, Lito Lapid ya kusa 17, Imee Marcos 15.9, Francis Tolentino 15.5, Koko Pimentel 14.67, Bong Revilla 14.62, sai Nancy Binay da ta rufe ƙofa da 14.50.

Mutane da yawa idonsu a saman tebur yake tsayawa, wa ya zo na ɗaya, ni kuma nace ka fara daga ƙasa, daga na 10 zuwa na 15, nan ne ake kokawar gaske. Duba ka gani, JV Ejercito ya zo na 13 da miliyan 14.31, Bam Aquino na 14 da 14.14, sannan sai wani dogon rami kafin ka iske Jinggoy Estrada na 15 da 11.36, Mar Roxas na 16 bai ma kai miliyan 10 ba. Tsakanin Binay da ta shiga da Ejercito da ya faɗi ƙuri'a dubu 190 da ɗan wani abu ne, a zaɓen da mutum miliyan 47 suka yi. Tsakanin na 10 da na 14 gaba ɗaya tazarar rabin miliyan ce da kaɗan. Ma'ana mutum biyar ne suka yi rububin kujera uku, kuma da iska ta ɗan juya kaɗan da yanzu wani labarin ake bayarwa. Ramin nan dake tsakanin na 14 da na 15 shima ka lura da shi, yana gaya maka cewa takarar gaskiya ta mutum 14 ce, sauran 48 ɗin rakiya suka yo, duk da cewa cikinsu akwai manya irinsu Juan Ponce Enrile da ya fito yana da shekara 95 a duniya.

Zuwa na ɗaya ba wai bashi da amfani bane kwata-kwata. Babu ƙarin iko a ciki amma 'yan siyasa suna kallonsa a matsayin gwajin wanda zai iya neman shugaban ƙasa ko mataimaki, tunda zaɓe ne na ƙasa baki ɗaya. Grace Poe ta zo ta ɗaya a 2013, shekara uku bayan nan sai gata tana takarar shugaban ƙasa.

Toh sai babban tarkon, layin da aka rubuta jam'iyya. Dan Allah kar ka ɓata lokacinka a kansa da farko. In ka bi shi zakaga PDP-Laban ta Duterte ta ci kujera 4, wato Go da dela Rosa da Tolentino da Pimentel, Nacionalista ta ci 3, Villar da Cayetano da Marcos, sannan LDP da NPC da Lakas da UNA kowacce ɗaya ɗaya, sai Poe da ta tsaya ba jam'iyya. Mai karanta wannan zai ce ashe jam'iyya mai mulki kashi ɗaya cikin uku kawai ta samu, ashe an kayar da ita kenan, alhali kuwa akasin haka ne. A Filifins jam'iyya riga ce da ake sauyawa duk sanda sabon shugaba ya hau, abun da ke aiki lokacin kamfen shi ne jerin haɗaka, wato tawagar 'yan takara daga jam'iyyu daban-daban da wani babba ya ɗaga hannunsu suke yawo a dandamali ɗaya. Don haka aikinka na gaba shi ne ka nemo jerin haɗakar wannan shekarar ka ɗora shi a kan teburin.

A 2019 babbar tawagar ita ce Hugpong ng Pagbabago, wadda Sara Duterte ɗiyar shugaban ƙasa, lokacin tana magajiyar garin Davao, ta jagoranta. Abun dariya mutum 13 ta ɗaga wa hannu alhali kujerun 12 ne, wato tun kafin a fara an san dole ɗaya ya sha ƙasa. Tara daga cikinsu suka shiga, Villar, Go, Cayetano, dela Rosa, Angara, Marcos, Tolentino, Pimentel da Revilla. Waɗanda suka faɗi su ne Ejercito da Estrada da Dong Mangudadatu da ɗan jaridan talabijin Jiggy Manicad. A ɗaya gefen kuma 'yan adawa sun fito da tawagar mutum takwas mai suna Otso Diretso, cikinsu akwai Bam Aquino da Mar Roxas da lauyan kare haƙƙin ɗan adam Chel Diokno da Samira Gutoc da Gary Alejano da Florin Hilbay da Romulo Macalintal da Erin Tañada, mataimakiyar shugaban ƙasa Leni Robredo na mara musu baya. Ko ɗaya bai shiga ba. Wannan shi ne kanun labarin zaɓen, kuma ba zaka taɓa ganinsa a layin jam'iyya ba.

Amma kar kuma ka zarce ka ce Duterte ya cinye 12 cif. Mutum uku, Poe da Lapid da Binay, basa cikin tawagar Sara kuma basa cikin ta adawa, a tsakiya suke, yau su bi gwamnati gobe su ɗan ja baya, kuma kusan kowane zaɓe zaka samu irinsu. Hatta cikin taran ma ba kowa bane yaron Duterte, irinsu Villar da Angara da Cayetano da ƙarfinsu suka zo, tun kafin a san Duterte a siyasar ƙasa suna cin zaɓe, haɗakar ta fi zama musu inuwa kawai. In kana son ka auna ƙarfin shugaban shi kansa, toh ka ware waɗanda ba su da wata tsiya a siyasance in ba don shi ba. Bong Go shekara da shekaru hadiminsa ne tun a Davao, bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba, sai gashi na uku da ƙuri'a sama da miliyan 20. Dela Rosa shi ne shugaban 'yan sandan da ya fara jagorantar yaƙi da masu ƙwaya, yaƙin da dubban mutane suka mutu a cikinsa kuma duniya ta yi ta Allah wadai, shi kuma ya zo na biyar. Tolentino ya nemi kujerar a 2016 ya faɗi a na 13, da ya dawo a inuwar Duterte ya shige a na tara. Waɗannan ukun su ne ma'aunin, kuma abun da suka nuna shi ne a tsakiyar 2019 mutumin na da farin jini sosai a wajen masu zaɓe, ko kana sonsa ko baka sonsa.

Yanzu ka koma saman tebur ka sake saukowa, wannan karon sunan gida kawai zaka dinga dubawa, a nan ne zaka fi daɗewa don wallahi abun ya isa a tsaya a kalla. Cynthia Villar matar Manny Villar ce, tsohon shugaban majalisar dattawa kuma hamshaƙin ɗan kasuwar gidaje da ake lissafawa a sahun farko na masu kuɗin ƙasar. Grace Poe ɗiyar riƙo ce ga Fernando Poe Jr., jarumin fim ɗin da ya yi takarar shugaban ƙasa a 2004. Pia Cayetano babanta Rene sanata ne, ƙaninta Alan Peter shima ya yi sanata kuma a wannan shekarar ta 2019 ya zama kakakin majalisar wakilai. Sonny Angara ɗan Edgardo Angara ne, Koko Pimentel ɗan Nene Pimentel ne, duka iyayen biyu sun shugabanci majalisar dattawan. Nancy Binay ɗiyar tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jejomar Binay ce, gidan da suka daɗe suna riƙe da birnin Makati. Imee Marcos kuwa ba sai an faɗa ba, ɗiyar Ferdinand Marcos ce da jama'a suka kora daga mulki a 1986, ta taso daga kujerar gwamnan Ilocos Norte, kuma shigarta a na takwas alama ce da masu ido suka gani tun lokacin, shekara uku bayan nan ƙaninta Bongbong ya zama shugaban ƙasa. Kar ka ɗauka ɓangaren adawa sun tsira daga wannan, Bam Aquino ɗan uwan tsohon shugaba Benigno Aquino III ne, Mar Roxas kuma jikan tsohon shugaba Manuel Roxas.

Waɗanda ba gadon siyasa ya kawo su kai tsaye ba, allon talabijin ne. Lito Lapid jarumin finafinan faɗa ne. Bong Revilla shi ya haɗa biyun, jarumi ne kuma babansa ma jarumi ne da ya yi sanata, ya shafe sama da shekara huɗu a tsare kan zargin wawure kuɗin ayyukan mazaɓu, kotun Sandiganbayan mai sauraron ƙararrakin rashawa ta wanke shi daga tuhumar a Disambar 2018, wata biyar bayan nan sai gashi ya dawo majalisa, kuma tallan kamfen ɗinsa da aka fi tunawa rawa kawai yake tiƙa a ciki. Ka tuna lissafin nan na sunaye bakwai zuwa takwas. Mutum ya shiga rumfa da takarda mai sunaye 62 jere bisa haruffa, ga na 'yan majalisar wakilai ga na gwamna ga magajin gari ga kansiloli duk a takarda ɗaya, sunan da ya girma yana ji a rediyo da talabijin shi hannunsa zai fara zuwa. Shi yasa ma 'yan takara suke wasa da yadda za a rubuta sunansu, Revilla a ƙarƙashin harafin B yake fitowa ba R ba saboda ya mayar da Bong Revilla sunan gidansa a hukumance, kaga ya hau can sama.

Sunan gida kuma yana iya cin mai shi. Na 13 da na 15, JV Ejercito da Jinggoy Estrada, uba ɗaya suke, 'ya'yan tsohon shugaba Joseph Estrada ne amma uwa daban-daban kuma ba wani jituwa suke ba, suka fito tare a tawaga ɗaya suka faɗi tare. Mutane da dama sun ce sun raba ƙuri'ar gida ne, wasu masu zaɓen suka ɗauki ɗaya suka bar ɗaya, kuma in ka kalli dubu 190 ɗin da ta raba JV da kujera zakaga maganar ba shirme bace. A zaɓen dai shi kansa uban ya rasa kujerar magajin garin Manila a hannun Isko Moreno.

Abu na gaba da teburin ba zai nuna maka ba sai ka nema da kanka, su wane ne sha biyun da basu fito zaɓe ba. Ka tuna rabi kawai aka zaɓa, ɗaya rabin da suka shigo a 2016 suna nan zaune har 2022, don haka sai ka haɗa biyun kafin ka ce ga wanda ke riƙe da majalisa. Bayan zaɓen 2019 Tito Sotto ya ci gaba da zama shugaban majalisar, marasa rinjaye suka koma mutum huɗu, Franklin Drilon da Francis Pangilinan da Risa Hontiveros da Leila de Lima, ita de Lima ma tana tsare tun Fabrairun 2017 bata iya zuwa zauren. Lambar da zaka riƙe a kai ita ce 16, kashi biyu cikin uku na 24, da ita ake amincewa da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kuma da ita ake tabbatar da tsige shugaba ko mataimaki ko alƙalin kotun ƙoli, wato mutum tara in suka haɗa kai sun isa su tare hanya. Kuma rinjaye a takarda ba shi bane biyayya, a lokacin kowane sanata yana ganin miliyoyin da suka zaɓe shi sun kai na shugaban ƙasa ko sun kusa, Duterte da kansa da ƙuri'a miliyan 16 da ɗoriya ya hau a 2016, ƙasa da abun da Lapid ya samu a na bakwai. Majalisar nan ta amince da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2020 da ƙuri'a 19 da 2, amma dawo da hukuncin kisa da sauya ƙasar zuwa tsarin tarayya, abubuwa biyu da Duterte ya daɗe yana kira, har ya sauka basu wuce ba.

Ka kuma tabbatar wane irin tebur ne a hannunka. Tun 2010 da na'ura suke ƙirga, a 2019 na kamfanin Smartmatic ne, kowace rumfa na'urarta na buga sakamako a takarda sannan ta tura ta intanet. Alƙaluman da gidajen talabijin ke nunawa a daren zaɓe daga wata kwamfutar da aka ware wa 'yan jarida da masu sa ido irinsu PPCRV suke fitowa, kuma a jikinsu ake rubuta cewa ba cikakku bane ba kuma na hukuma bane. A daren 13 ga Mayun nan alƙaluman sun tsaya cak na wajen awa bakwai, hukumar zaɓe Comelec tace matsalar manhajar dake tura bayanan ce, 'yan adawa da yawa kuma har yau basu gamsu ba. Na hukuma shi ne wanda Comelec ta tattara daga takardun larduna da birane da ofisoshin jakadanci, da shi ta ayyana sha biyun ranar 22 ga Mayu a birnin Pasay dake yankin Manila, suka kama aiki 30 ga Yuni. In kaga lambobi biyu sun ɗan saɓa a wurare biyu, yawanci ɗaya na daren zaɓe ne ɗaya na ranar ayyanawa, ka ɗauki na biyun.

Ko ayyanawar ma ba kullum take zama ƙarshe ba, kuma misalin yana cikin teburin namu. Koko Pimentel ɗin nan na 10, a zaɓen tsakiyar zango na 2007 shi ne na 13, Migz Zubiri aka ba kujera ta 12 da 'yar tazara bayan an shigo da ƙuri'un lardin Maguindanao inda aka ce tawagar gwamnatin Gloria Arroyo ta lashe duka 12 babu ko ɗaya na adawa. Pimentel ya kai ƙara kotun zaɓen majalisar dattawa, wadda ke da alƙalan kotun ƙoli uku da sanatoci shida, aka yi ta ja har Agustan 2011, Zubiri ya yi murabus kotun kuma ta ayyana Pimentel, shekara huɗu cikin shida sun riga sun tafi. Don haka in teburin 2007 kake karantawa zaka iya ganin suna biyu a gurbi na 12, duka daidai ne, ya danganta da shekarar da aka buga shi. Haka na 2001 shima nada nasa, kujera 13 aka cike a maimakon 12 saboda Teofisto Guingona ya bar tasa ya zama mataimakin shugaban ƙasa, wanda ya zo na 13, Gringo Honasan, ragowar shekara ukun kawai ya samu.

In ka samu teburin lardi-lardi toh ka ci riba, ka buɗe shi. Ka fara da larduna masu tarin jama'a irinsu Cebu da Cavite da Pangasinan da Laguna da Bulacan da yankin Manila, su ke ɗaga mutum ko su kayar da shi, sannan ka duba gidan kowa, Davao na Duterte da mutanensa, Ilocos na gidan Marcos, Bicol inda Robredo ta fito. Nan ne kuma zakaga illar mayar da ƙasa mazaɓa ɗaya ga ƙananan al'ummu. Musulmin kudancin ƙasar a farkon 2019 suka kaɗa ƙuri'ar kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kai, amma a majalisar dattawa ba su samu kowa ba, Samira Gutoc 'yar Marawi, garin da yaƙin 2017 ya ragargaza, ta tsaya a miliyan 4 da ɗoriya, Mangudadatu na Maguindanao duk da inuwar gwamnati bai kusanci layin ba. Tun saukar Santanina Rasul a 1995 babu Musulmi a zauren sai da jarumin fim Robin Padilla, wanda musulunta ya yi, ya zo na ɗaya a 2022, shima sunan fim ne ya kai shi. Akwai kuma layin 'yan ƙasar mazauna waje, irin ma'aikatan jinya da na otal da duk wanda ya je Saudiyya ko Dubai yake gani, su a 2019 wata guda aka basu suna zaɓe ta ofisoshin jakadanci.

Daga ƙarshe ka ajiye teburin kusa da 'yan uwansa na tsakiyar zango, kar ka haɗa shi da na shekarar zaɓen shugaban ƙasa. A 2007 lokacin da jama'a suka gaji da Arroyo tawagarta uku kawai ta samu, daga baya ma suka koma biyu da fitar Zubiri, har Antonio Trillanes ya ci zaɓe yana cikin kurkukun soja. A 2013 tawagar Benigno Aquino ta ci 9, UNA ta gidan Binay ta ci 3. A 2019 tara ga tawagar gwamnati, adawa babu. Sai 2025, bayan gidan Marcos da gidan Duterte sun ɓata kuma an kama Duterte a watan Maris an kai shi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya dake Hague, Bong Go ya zo na ɗaya da sama da miliyan 27, dela Rosa na uku, Bam Aquino da ya tsaya a na 14 a 2019 ya dawo na biyu, Francis Pangilinan na biyar, Camille Villar ta shiga a daidai lokacin da mahaifiyarta Cynthia ke kammala wa'adi biyun da doka ta yarda a yi a jere, Imee Marcos kuma da ƙyar ta rufe ƙofa a ta 12. Tolentino da Revilla da suka shiga a 2019 duka a ƙasan layi suka kwana.